Mary Wells Lawrence: Matar da ta ƙi dala miliyan ɗaya



A farkon shekarar 1966, a birnin New York na Amurka, wani hamshaƙin mai kamfanonin talla da ake kira Marion Harper ya zaunar da wata ma'aikaciyarsa ya yi mata tayin da mutane da yawa za su karɓa hannu bibbiyu. Ya ce zai ba ta kwantiragin dala miliyan ɗaya a cikin shekara goma, zai kuma sakar mata ragamar ofis ta juya shi yadda take so. Abu guda ne kawai ba zai ba ta ba, wato sunan shugaba. Dalilinsa, kamar yadda ita ta ba da labari daga baya, shi ne duniya ba ta shirya ganin mace a kan wannan kujera ba, kuma masu kawo aiki za su gudu. Matar ta saurare shi har ya gama, ta ajiye aikin, ta fita. Shekararta 37 a lokacin. Sunanta Mary Wells, wadda duniya ta sani daga baya da Mary Wells Lawrence, kuma a kanta sharhinmu na yau zai tsaya.

An haife ta ranar 25 ga Mayu, 1928, a Youngstown da ke jihar Ohio, garin masana'antun ƙarfe. Sunan da iyayenta suka raɗa mata Mary Georgene Berg. Ita kaɗai ce a wurinsu, mahaifinta kuwa dillancin kujeru da gadaje yake yi. Yarinya ce mai kunya, don haka mahaifiyarta ta sa ta koyon wasan kwaikwayo tun tana ƙarama ko bakinta ya buɗe. Bakin ya buɗe kuwa. Tana 'yar shekara 17 ta tafi New York makarantar wasan kwaikwayo, daga nan ta wuce kwalejin Carnegie da ke Pittsburgh, inda ta haɗu da mijinta na fari, Bert Wells. Ba ta zama 'yar wasa ba. Amma ku riƙe wannan batu na dandamali da fitila da 'yan kallo, domin duk abin da ta yi a sana'ar talla daga nan ya samo asali.

Aikinta na farko shi ne rubuta tallan kaya a wani babban kanti na garinsu mai suna McKelvey's. Aiki ne maras ɗaukar ido: riga kaza ta iso, kuɗinta kaza, a zo a saya kafin ta ƙare. Sai dai yana da wata fa'ida. Idan ka rubuta talla yau, gobe da safe za ka leƙa ka ga ko mata sun cika wurin ko babu kowa. Babu wurin ɓuya. Daga nan ta koma kantin Macy's a New York, sannan kamfanin talla na McCann Erickson a 1953, kafin a 1957 ta samu shiga Doyle Dane Bernbach, wurin da kowane mai rubuta talla a zamanin yake mafarkin shiga.

Bari in ɗan yi bayanin yadda sana'ar take tafiya a lokacin, don mai sauraro ya gane abin da ake rububi a kai. Kamfanin talla tamkar dillali yake tsakanin mai kaya da gidajen jarida da rediyo da talabijin. Shi zai ƙirƙiro tallan, shi zai saya masa fili, sannan ya ɗauki la'adar kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da aka kashe. Ke nan idan mai kaya ya zuba dala miliyan goma a shekara, miliyan ɗaya da rabi na kamfanin talla ne. Kamfanin ba shi da masana'anta, ba shi da rumbun ajiya. Jarinsa kawunan ma'aikatansa ne da amincewar masu kawo aiki, kuma duka biyun suna iya ficewa ta ƙofa da ƙafafunsu a rana ɗaya.

Bill Bernbach, jagoran wurin da ta shiga, shi ne ya sauya salon talla a Amurka. Kafinsa, mai rubutu yana ɗakinsa, mai zane yana nasa, takarda ce ke yawo a tsakaninsu. Shi ya haɗa su a teburi ɗaya. Ya kuma yarda cewa mai saye ba wawa ba ne, ana iya gaya masa gaskiya cikin raha ya saya. Da wannan salon suka sayar wa Amurkawa 'yar ƙaramar motar nan ta Jamus, Volkswagen, a lokacin da kowa ke alfahari da zungureriyar mota. A ofishin akwai mata masu faɗa a ji, irin su Phyllis Robinson da ke shugabantar masu rubutu, da Paula Green. Mary ta yi shekara bakwai a can, ta yi suna musamman da tallan yawon buɗe ido na ƙasar Faransa.

A 1964 aka janye ta zuwa Jack Tinker and Partners, wani ƙaramin ofis da Marion Harper ya kafa ya tara masu kaifin basira a ciki. A nan ne aka fara ganin irin nata tunanin. An kawo musu maganin ciki mai suna Alka-Seltzer, ƙwaya ce da ake jefawa a ruwa ta yi kumfa a sha. Cinikinsa ya ja baya, matasa na yi masa kallon maganin tsofaffi masu haɗama. Suka yi masa tallace-tallace masu ban dariya, amma abin da ya fi tasiri ƙarami ne ƙwarai. Wata likita ta tabbatar musu cewa ƙwaya biyu ta fi ɗaya aiki. Daga ranar, duk tallan da aka nuna, hannu ne ke jefa ƙwaya biyu a kofi, aka kuma shiga ƙunshe maganin bibbiyu a takarda. Ciniki ya tashi sosai. To kun ji, kayan da kansa aka taɓa, da yadda ake shansa, ba kirarinsa kawai ba.

Sai kuma Braniff, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Braniff kamfanin jiragen sama ne da ke Dallas a jihar Texas, yana zirga-zirga a cikin Amurka da Kudancin Amurka, amma in ka fita yankinsa da wuya ka samu wanda ya san shi. A 1965 aka naɗa masa sabon shugaba, Harding Lawrence, wanda ya zo da burin a san kamfanin cikin dare ɗaya. Matsalar ita ce a wancan zamanin hukumar gwamnati ce ke ƙayyade kuɗin tikiti da hanyoyin da kowane kamfani zai bi. Ba ka da ikon karya farashi. Jiragen kuma duk daga masana'antu guda ake sayo su, fararen fenti ko launin azurfa da ɗan layi a jiki. Filayen jirgin sun yi kama da barikin soja, ba mamaki, domin yawancin masu tafiyar da harkar tsofaffin sojojin sama ne. To me za ka faɗa a talla wanda maƙwabcinka ba zai faɗa ba?

Mary ta zagaya filayen jiragen, ta dawo ta ce babu abin faɗa, sai an ƙirƙiro shi. Ta ce a shafe jiragen da fenti. Kowane jirgi launi guda daga hanci har baya, fukafukai da jela farare: wannan ruwan lemo, wancan shuɗi, wani ruwan ɗorawa, wani ruwan ƙasa, launi har bakwai. Aka ɗauko Alexander Girard, gwanin zane da tsara ɗakuna, ya sake fasalin dubban abubuwa, tun daga yadin kujeru da wurin jiran fasinja har takardar sukari da kwalin ashana. Aka ɗauko Emilio Pucci, shahararren mai zanen tufafi na Italiya, ya ɗinka wa ma'aikatan jirgi mata kaya masu launi kamar za su biki, har da wata hular roba mai kama da tulun gilashi don kare gashi daga ruwan sama tsakanin ɗakin jira da bakin jirgi. Hular ba ta daɗe ba, domin an rasa inda za a ajiye ta a cikin jirgi, amma ta riga ta shiga jaridu.

Ku kwatanta mutumin da ke tsaye a filin jirgi a 1965, idonsa ya saba da jerin fararen jirage, sai ga wani ruwan lemo ya sauko daga sama. Ba ya bukatar a karanta masa talla. Mutane sun riƙa zuwa kallo, wasu har caca suke yi a kan launin da zai sauka. Jaridu da mujallu suka yi wa Braniff tallan da ba ta biya ko sisi ba, fasinjoji suka ƙaru.

Sai dai akwai ɓangaren da ba zan yaba ba. An tsara kayan ma'aikatan nan hawa-hawa, suna rage na sama ɗaya bayan ɗaya yayin da tafiya ke nisa, aka kuma yi talla a kan haka da salon da ke nuna wa 'yan kasuwa maza cewa akwai abin kallo a jirgin. Mace ce ta tsara wannan, macen da ita kanta take yaƙin a ɗauke ta da muhimmanci a ofis. Masu fafutukar 'yancin mata sun soke ta a kai, kuma a ganina sun yi daidai. Ita dai ta san su wa ke sayen tikiti, ta ba su abin da suke so.

Da wannan nasara a hannu ta je wurin Harper neman cika alkawarin shugabanci, ya yi mata tayin da na faɗa a farko. Mutane kan ba da labarin a matsayin labarin zuciya, wai an ɓata mata rai ta yi fushi. Fushin kam ta yi. Amma ni ina ganin lissafi ne. Ta san cewa Braniff ita yake bi, ba allon da ke ƙofar ofis ba. Ta san la'adar da aikin ke kawowa. Wanda ya san wannan, ya san dala dubu ɗari a shekara ba kyauta ba ce, kuɗin haya ne ake biya don a ci gaba da riƙe abin da ya fi haka daraja. A watan Afrilun 1966 ta buɗe nata kamfani tare da abokan aikinta biyu, Richard Rich mai rubutu da Stewart Greene mai zane, suka sa masa suna Wells Rich Greene. A ɗakunan otal suka fara. Braniff ya biyo su nan take. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. Shi kuwa Harper, ba a jima ba bashi ya yi wa kamfanoninsa katutu, abokan aikinsa suka sauke shi daga mulki.

Don a gane nauyin abin da ta yi, a tuna cewa sai a 1974 Amurka ta yi dokar da ta hana banki ƙin ba mace bashi saboda ita mace ce ko saboda ba ta da aure. Kafin nan, banki na iya cewa sai miji ya sa hannu. A irin wannan ƙasa ce mace ta sa sunanta a gaban na maza biyu a allon kamfani.

A 1967 ta auri Harding Lawrence, shugaban Braniff, a birnin Paris. Ba sai na gaya muku irin tsegumin da ya biyo baya ba, iri ɗaya ne a ko'ina: ai dama. Auren ya sa dole kamfaninta ya saki aikin Braniff, domin ba zai yiwu miji ya riƙa ba matarsa kwangila da kuɗin masu hannun jari ba. Masu jiran su ga ta faɗi sai suka ga ta ɗauko TWA, kamfanin jirage da ya fi Braniff girma nesa ba kusa ba. A 1968 ta sayar wa jama'a hannun jarin kamfaninta, ta zama mace ta farko da ta shugabanci kamfanin da ke cikin babbar kasuwar hannayen jari ta New York. Zuwa 1969 ana ba da rahoton albashinta ya kai dala 225,000 a shekara, abin da ya sa ta a sahun gaba a duk sana'ar, maza da mata. Auren da aka yi wa dariya kuwa ya kai shekara 34, mutuwa ce ta raba.

Yanzu ga maganar da masu yabonta kan bi ta kai da sauri. Cikin ayyukan da suka ɗaga Wells Rich Greene tun farko akwai sigarin Benson & Hedges na kamfanin Philip Morris, sabon samfuri mai tsawon milimita 100, alhali wanda aka saba da shi 85 ne. Maimakon su yi kirarin tsawon, sai suka yi ta nuna wahalar da yake jawowa: ƙofar lif ta datse karan, wani ya fasa balan-balan da shi, wani ya ƙona jaridar da yake karantawa. Mutane suka yi ta dariya, ciniki ya ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru. Ta fuskar gwaninta, babu abin cewa. Amma wannan ya faru ne bayan 1964, shekarar da babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya danganta shan sigari da sankarar huhu. Ba za a ce ba a sani ba. An sani, aka sa mutane dariya, aka karɓi la'ada. Daga farkon 1971 aka haramta tallan sigari a rediyo da talabijin a ƙasar. Duk mai aikin talla da ke saurarena, har da mu da muke karanta tallan a gidajen rediyo, ya san wannan tambaya ba ta tsufa: akwai kayan da gwanintarka ba ta kamata ta taɓa ba?

Wells Rich Greene sun kuma karya wata al'ada ta sana'ar lokacin da suka ajiye motar Javelin ta American Motors gefe da gefe da Mustang ta Ford a talla guda, suka ambaci sunan abokin hamayya ƙarara. A lokacin ana ganin haka rashin ta ido ne. Abin dariya, bayan shekaru Ford ɗin da kanta ta kawo musu aiki.

Aikin da ya fi kowanne yaɗuwa kuwa, na tabbata da yawanku kun gan shi ko da ba ku san tarihinsa ba. Wanda ya taɓa tona dilar gwanjo ya ci karo da farar riga mai harafin I, da jar zuciya, da haruffan N da Y a ƙasa. A tsakiyar shekarun 1970 birnin New York ya kusa tsiyacewa. A 1975 ya nemi agajin gwamnatin tarayya, shugaba Gerald Ford ya fara da ƙi. Laifuka sun yi yawa, shara ta taru, a watan Yulin 1977 wuta ta ɗauke a birnin aka kwana ana fasa shaguna. A wannan shekarar ce hukumar kasuwanci ta jihar ta ba Wells Rich Greene aikin jawo baƙi. Suka bincika, suka gano abu biyu ke jan mutane: gidajen wasan kwaikwayo na Broadway, da duwatsu da tafkunan da ke sauran sassan jihar. Aka fito da 'yan wasan Broadway cikin kayan wasansu suna rera son garinsu a talabijin. Yarinyar nan da ta je koyon wasa tana 'yar shekara 17 ta dawo dandamali ta bayan fage. Tambarin kuwa Milton Glaser ne ya zana shi, a cikin tasi, da jan alli a bayan ambulan, bai kuma karɓi kuɗi ba don yana zaton abin na 'yan watanni ne. Takardar tana gidan adana kayan fasahar zamani na New York yanzu. Har yau akwai masu jayayya a kan wanda ya fara furta kalmomin, amma babu jayayya a kan kamfanin da ya mai da su abin da birane a faɗin duniya ke kwaikwaya.

Ba mace ba ce mai sauƙin sha'ani. Tana biyan ma'aikata da tsoka, tana kuma tatsar su dare da rana. Manyan masu kawo aiki takan gayyace su katafaren gidanta da ke gaɓar teku a kudancin Faransa, a ci a sha a ƙulla magana. Da farashin hannun jarin kamfanin ya faɗi a 1974, sai ta nemi saye shi daga hannun jama'a a kan kuɗin da bai kai wanda suka saya ba. Wasu masu hannun jari suka yi ƙara, suna cewa an sayar musu da tsada an karɓe da araha. Zuwa 1977 kamfanin ya koma hannunta da na abokanta.

Shekarun 1980 sun zo mata da nauyi. An sakar wa kamfanonin jirage mara a 1978, Braniff ya buɗe sababbin hanyoyi fiye da ƙarfinsa, mai ya yi tsada, bashi ya taru. Mijinta ya sauka a ƙarshen 1980, kamfanin ya durƙushe a 1982. Fenti bai hana ba. Ita kuma ta yi fama da ciwon daji har sau biyu. A 1990 ta sauka daga shugabanci, ta sayar da Wells Rich Greene ga kamfanin BDDP na Faransa a kan kuɗin da aka ba da rahoton ya kai dala miliyan 160.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni abin tunani a duk labarin. Manyan masu kawo aiki suka fara zarewa. IBM ya tafi a 1994, shugabanni suka yi ta sauyawa, Procter & Gamble da suka daɗe tare shi ma ya kwashe kayansa, a 1998 aka rufe ƙofa. Shekara takwas kacal bayan tafiyarta. Kamfanonin talla da David Ogilvy da Leo Burnett suka kafa sun rayu shekaru da dama bayan masu su. Nata bai rayu ba. Wasu na ɗora laifin a kan Faransawan da suka saya da bashi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma lissafin nan da ta yi a 1966, cewa masu kawo aiki ita suke bi ba allo ba, shi ne ya tabbata a karo na biyu. Ta gina wurin da komai ke bi ta teburinta, ta iya zaɓen masu basira, amma ba ta bar wanda shugabannin kamfanoni za su kira da tsakar dare su ji hankalinsu ya kwanta kamar yadda suke ji da ita ba.

A 1999 aka sanya sunanta cikin jerin gwarazan sana'ar talla na Amurka. A 2002, shekarar da mijinta ya rasu, ta fitar da littafin tarihin rayuwarta mai suna A Big Life in Advertising. Tana da shekara kusan 80 ta haɗu da wasu fitattun mata, ciki har da 'yan jarida Lesley Stahl da Liz Smith, suka buɗe shafin intanet na mata a 2008. A 2020 bikin tallace-tallace na Cannes ya ba ta lambar yabo ta aikin rayuwa. Ta rasu a Landan ranar 11 ga Mayu, 2024, saura mako biyu ta cika shekara 96.